Wasiƙa daga garin Albertinia, Afirka ta Kudu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya damina? A gaishe min da Kawu da Goggo da yara baki ɗaya. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi ne kawai, don a nan Yuli tsakiyar hunturu ne, amma na sayi bargo mai kauri, kada Inna ta sa damuwa a ranta.

Na turo naira dubu 150 ta hannun mutumin nan na kullum. Dubu 100 na asibitin Inna ne da awon cikin maiɗakina, sauran a sayi hatsi. Kada a danƙa wa Auta ko sisi.

Maganar Autan ce ma ta sa na kasa barci. Na ji wai wani mai magani a tasha ya sayar masa da baƙin dunƙule, ya ce daga Afirka ta Kudu aka kawo, har ana shirin jiƙa wa Inna. Sannan ya turo min hoton wani tsiro, wai irin wanda nake aiki da shi ne, zai shuka ya yi arziki. Yaya, wannan ai zabuwa ce, wadda muke gani a gindin duwatsu idan mun fita kiwo, zaune a ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a ganye.

Ta nan daban take. 'Yan ƙabilar Xhosa da muke aiki tare suna ce mata ikhala, masu gona su ce bitteraalwyn, a takarda kuma Aloe ferox. Kara ɗaya gare ta, takan wuce tsayin mutum, har mita 3. Busassun ganyayenta ba sa faɗuwa, sai su rataye a jikin karan kamar bujen kaba. Ganyen kore ne mai toka-toka, ba ɗigo, gefensa da ƙaya ja-ja masu duhu. Yanzu ne lokacin furenta: sanduna biyar ko takwas a tsaye cak, jajaye kamar garwashi, duk tsandaurin duwatsun nan ya kama da wuta. A arewacin ƙasar nan wajen lardin Limpopo akwai 'yar'uwarta mai kama da ita, amma furen waccan a kishingiɗe yake. Akwai kuma wata baƙuwa, garingboom, da aka kawo daga Meziko, ruwanta yana ƙona fata. Sabon zuwa kan ɗauka ɗaya ce.

Ita ikhala mukan yanko ganyenta na ƙasa, mu jera su zagaye da rami da aka shimfiɗa wa leda, ruwansu mai launin ɗorawa ya tsiyaye, a dafa shi a ganga har ya daskare ya yi baƙi. Ƙayar ta ɗan taɓa min hannu, ba wani abu ba ne. Yau ni ake turawa in nuna wa sababbi wadda ta isa yanka. Da Baba na raye da ya yi murna. Ban samu jana'izarsa ba, ga shi Inna na kwance ina nan ina ƙirga ganye. Allah ya yafe min.

Don haka ka saurare ni, Yaya. Ko da na gaskiya ne, wannan dunƙulen maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, yana sa zawo da murɗa, tsohuwa marar ƙarfi ba za ta ɗauka ba. Mai juna biyu kuwa ko kusa kada ta sha, yana iya taɓa cikin. Ka karɓe shi daga hannun Auta yau, ka jefa a masai. Inna ta ci gaba da maganin likita.

Kuɗin kuma, kamar yadda na ce, a hannunka kaɗai. Ka ce wa Auta ya koma wajen ɗinkinsa.

Idan wani zai taho, a ba shi kuka da daddawa.

Ƙaninka.