A horar da masu jin Hausa kan kare yara a Makka da Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Saudiyya na da dokar kare yara tun 2014, ga kuma layin wayar taimakon yara, 116111, amma a unguwanninmu ba kasafai ake samun mai jin Hausa da ya san aikin ba. Sai a ɗauko kawun yaro ya zama tafinta, alhali wataƙila shi ake zargi. Ina yaro zai buɗe baki?

Ga abin da horon zai ƙunsa: a keɓe yaro, a ce "ba ni labari", ba "kawunka ne ya doke ka ko?" ba, don yaro kan bi bakin babba. A rubuta maganarsa yadda ya faɗa, da kwanan wata da inda tabo yake. Kada a yi masa alkawarin ba wanda zai ji. Iyayen da iƙamarsu (takardar izinin zama) ta ƙare kuwa sai da lallashi, tsoro ke sa su ɓoye.

Daga wasu ma'aikatan kula da iyali, Jidda.