Kawu, ga amsar tambayarka kan Kapil Dev da Bumrah

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na ga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, wai mu yaran yanzu da muke ta zuzuta Jasprit Bumrah a wasan kurket, anya ya kamo ƙafar Kapil Dev, tsohon gwanin jifa na Indiya, kuwa, ko dai don ba mu ga jiya ba ne. Tunda a fili ka tambaya a fili zan amsa, ka gafarce ni in ba ta yi maka daɗi ba. In dai jifa zalla ake magana, Bumrah ya fi Kapil, ya ma fi duk wani mai zafin jifa da Indiya ta taɓa fitarwa. Amma fa ba don hujjar da sa'annina suke kawowa ba.

Su lissafi kawai suke riƙewa. Wai Bumrah ya cika wiket 200, wato ya fitar da masu bugu sau 200, a wasan Tes, dogon wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar, a Melbon cikin Disambar 2024 ana cin sa ƙasa da ron 20 (ron shi ne makin da masu bugu ke ci) a kowace wiket, Kapil kuwa kusan 30 ne, shikenan magana ta ƙare. Ni wannan lissafin bai gamsar da ni ba ko kaɗan, don ba ya gaya maka waye ke jifa daga ɗaya gefen, kuma mai bugu in ya san mutum ɗaya ne abin tsoro sai ya lallaɓa ya ga bayan obobinsa (oba ita ce jifa shida a jere) ya je ya huce a kan sauran.

A nan kam dole a sara wa gwaninka. Lokacin da Kapil ya fara a 1978 a Faisalabad, Indiya ƙasar masu murɗa ƙwallo ce, masu jifa a hankali ba da gudu ba, su Bedi da Prasanna da Chandrasekhar, sabuwar ƙwallo kuwa sai a miƙa wa duk wanda ya samu, har Sunil Gavaskar da aikinsa bugu ne an sha ba shi, ya ɗan jefa ta ƙyallinta ya dushe a kira manya. A haka yaron Haryana ya zo yana karkata ƙwallo a iska tana guje wa sandar mai bugu, a busassun filaye masu ƙura, ya buga Tes 131 ya ɗauki wiket 434, ya wuce 431 na Richard Hadlee ɗan New Zealand, wanda ke kan gaba a duniya a lokacin, a 1994, kuma rauni bai taɓa hana shi buga Tes ba, guda ɗayan da ya rasa a Kolkata ƙarshen 1984 ajiye shi aka yi. Abokan jifansa su Madan Lal da Roger Binny da Manoj Prabhakar 'yan ƙoƙari ne amma ba wanda ke hana mai bugu barci. Ka tuna Ahmedabad a 1983, ya fitar da mutum 9 na West Indies a ron 83 a zubi ɗaya, wato zagayen bugu ɗaya na tawagarsu, kuma duk da haka Indiya ta sha kashi. Ga ron 5,248 da ya ci da sanda, ga kofin duniya na 1983 da ya ɗaga a Lord's. In ɗan kurket gaba ɗayansa ka tambaya da ban ma buɗe baki ba.

Sai dai Kawu akwai abin da ku masoyansa ba kwa son a taɓo. Shekarunsa na ƙarshe gudun ya tafi, ana ta jan sa ne don ya kamo Hadlee, kuma wanda ya biya kuɗin wannan jira shi ne Javagal Srinath, wanda ya fara tun 1991 yana da gudun da Indiya ba ta saba gani ba amma sai 1994 ya samu buga Tes a gida. Wallahi duk muhawarar nan Srinath ne aka fi zalunta, ba ku ambatonsa ba ma ambatonsa. Bayan Kapil ya tafi shi aka bar wa kayan, aka yi ta ɗora masa kamar jakin da ba shi da na canji har kafaɗarsa ta lalace a 1997, ya dawo ya ɗauki wiket 13 a wasa ɗaya da Pakistan a Kolkata a 1999, takwas a zubi na biyu kaɗai, nan ma aka ci Indiya. Wiket 236 a Tes 67 ba ta nuna wahalar da mutumin nan ya sha. Zaheer Khan shi ya zo da dabara, ɗan bahago mai sa tsohuwar ƙwallo ta juya baibai, wiket 311, kuma 21 da ya ɗauka a kofin duniya na 2011 suna cikin abin da ya kawo kofin.

To Bumrah shi ya taso cikin gata, wannan ba musu. Ya tarar da Mohammed Shami da Ishant Sharma, daga baya Mohammed Siraj, ga likitoci ga bidiyon kowane mai bugu a kwamfuta ga hutun da ake tsara masa. Da wannan tawagar Indiya ta fara cin jerin Tes a Ostireliya a 2018 zuwa 2019. Da a nan labarin ya tsaya da na ce gata ne ya gyara masa lissafi.

Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne zuwan Ostireliya na 2024 zuwa 2025. Shami ba ya nan, masu bugun Indiya sun watse, aka bar shi a irin halin da Kapil ya rayu a ciki, sai ya ɗauki wiket 32 ana cin sa kusan ron 13 a kowace ɗaya. Ka dube shi da kyau in zai yi jifa, 'yan taku kaɗan yana dogarawa kamar ba da gaske yake ba, hannu a sandare, ya saki ƙwallon can gaba kusa da mai bugu fiye da kowa, kafin mutum ya gama shawara ta iso. Ka nemi wadda ya jefa wa Ollie Pope na Ingila a Visakhapatnam a Fabrairun 2024, ta shigo ƙarƙashin sanda daidai yatsun ƙafa ta tumɓuke biyu daga cikin turaku ukun da mai bugu ke karewa, Pope ya tsaya yana kallon ƙasa. Ko wasan ƙarshe na kofin duniya na T20, gajeren wasa mai oba 20, a Barbados a 2024, Afirka ta Kudu na neman ron 30 a ƙwallo 30, ya zo ya yi oba biyu ya ba da 6 kacal ya fitar da Marco Jansen, Indiya ta ci da 7. Jan ƙwallon Tes ko farar gajeren wasa, gida ko waje, duk ɗaya ne a wurinsa, kuma Kapil ko a ganiyarsa bai tsorata mutane haka ba.

Amma bari in ba ka makami da hannuna kafin wani ya ba ka. A wasa na biyar na wancan jerin na Ostireliya, a Sidni, bayansa ya ƙi, ya fita bai ƙarasa ba, Ostireliya ta ci 3-1. Dama an yi masa tiyatar baya a 2023. A Ingila a 2025 uku cikin biyar ya iya bugawa, kuma biyun da Indiya ta ci, Edgbaston da Oval, su ne waɗanda bai buga ba, Siraj ne ya tsaya duka biyar ya kwashi 23. Nauyin da Kapil ya ɗauka shekara 16 Bumrah wata biyu bai cika ba jiki ya ce a'a. In nan za ka kama ni ka kama, ba zan yi gardama ba, amma ka fara gaya min inda ka ajiye Srinath a naka jerin.

A gaida mutan gida.

Ɗanka.