Wasiƙa zuwa ga abokina kan baƙin hayaƙin motarsa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma wallahi ban ji daɗin halin da motar nan ta saka ka ba: baƙin hayaƙi a salansa, inji na rawa in ka tsaya, ga shan mai kamar ana tsiyayarwa. Ka ce an ba ka shawarar a sauke inji. Don Allah ka dakata tukuna. Duk abin da ka lissafa na gan shi a tawa bara, kuma abin da ya jawo shi bai fi kwalin ashana girma ba.

Sensar ƙarfin iska ce, wadda ake kira MAP. Tana zaune a jikin manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga inji, ko kuma a gefe an haɗa su da siririn tiyo. Aikinta ta auna ƙarfin iskar da ke ciki ta faɗa wa kwamfutar mota, ita kuma ta yanke yawan fetur ɗin da nozul za su fesa. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. To in sensar ta ce iska ta cika alhali kana tsaye a silo, sai kwamfutar ta ɗauka tudu kake hawa da kaya, ta yi ta ɗura mai. Wanda bai ƙone ba shi ne hayaƙin da kake gani.

Ni da farko filogi na canza. Kwana uku na kwance su, na tarar sun koma baƙi ƙirin, har toka na shafar yatsa. Sai na samu na'urar karanta kwamfuta, na jona ta a soket ɗin OBD-II da ke ƙasan sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Ta ba ni lambar matsala P0106. Kai ma ka duba: P0107 na nufin saƙon sensar ya yi ƙasa, P0108 ya yi sama. Sai dai ka lura, lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi labarin da ke zuwa daga wajenta bai hau ba, kuma tiyo ko waya ma suna iya ɓata shi. Nan ne mutane da yawa ke asara, su sayi sabuwa matsalar na nan daram.

Ga yadda na bi. Ka murɗa makulli fitilu su kama, kada ka tayar. A lokacin iskar cikin manifol daidai take da ta waje, don haka a na'urar za ka ga ƙarfin iska kusan kilofaskal 100, ko ƙasa kaɗan in wurin yana kan tudu. Sai ka tayar, inji ya yi zafi. Lafiyayyen inji a silo yana zuƙa, adadin ya faɗo wajen 30 zuwa 35. Tawa a 70 ta tsaya. Na bi tiyon da yatsa, a daidai lanƙwasarsa na ji ya bushe ya tsage, da na kara kunne har ina jin iska na shiga, tsiii. Na canza shi, na yi murna, amma rawar ba ta tafi duka ba.

Daga nan na ɗauko mitar auna wutar lantarki na koma kan wayoyin sensar. Galibi wayoyi uku ne: mai kawo bolt 5 daga kwamfuta, negatif, da mai mayar da saƙo. Biyun farko lafiya lau. Ta saƙon, a motar da ba ta da turbo, takan nuna kusan bolt 4.5 kafin a tayar, ta sauka wajen 1 zuwa 1.5 a silo, in ka taka totur ta yi sama nan take. Na cire sensar, na ga baƙin mai ya toshe ɗan ramin bakinta. Na fesa mata ruwan wanke kayan lantarki, na bar ta ta bushe. Kada ka kuskura ka zura allura ko waya a ramin nan, abin da ke ciki siriri ne ƙwarai. Sannan na jona mata sirinji da guntun tiyo, ina ja a hankali ina kallon mita. Kamata ya yi allurar mitar ta riƙa sauka sumul. Ita kuwa sai ta maƙale a 3, ta yi tsalle, ta sake maƙalewa. A nan na tabbata ta gama aiki.

Canjin bai ɗauke ni minti goma ba: noti ɗaya, soket ɗaya. Ka nemi mai lamba daidai da wadda ke jikin tsohuwar, ka tabbatar zoben robarta ya zauna, sannan ka goge lambar matsalar da na'ura. Da na tayar, adadin ya sauka 32, sitiyari ya daina karkarwa a hannuna.

In ka gwada duk wannan ka ga sensarka lafiya, ka sa a duba nozul ko suna yoyo, da sensar zafin ruwa. Kuma ka rage yawo da motar haka, don ɗanyen mai yana ƙona matatar hayaƙin da ke cikin salansa.

Ka rubuto mini lambar da ta fito da adadin da ka gani a silo, mu duba tare. Ka gaida mutanen gida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Abokinka