Hatsarin jirgin A1 ya fi ƙarfin layi biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ƙorafi kan shafinku na tarihi, inda kuka ambaci nutsewar jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai suna A1 a layi biyu kacal, kuka kira shi hatsari kuka wuce. Ranka ya daɗe, mutum 11 ne suka mutu a cikinsa, kuma yadda suka mutu ya cancanci a faɗa wa masu karatu.

Ranar 18 ga Maris, 1904 abin ya faru, wato shekara guda bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. A1 shi ne jirgin ƙarƙashin teku na farko da Ingilishi suka zana da kansu, kamfanin Vickers ya ƙera shi a Barrow. A ranar yana atisaye ne kusa da Portsmouth, yana laɓe ƙarƙashin ruwa yana dakon jirgin yaƙi Juno don gwajin kai hari. Ana kyautata zaton hankalin kwamandansa, Laftanar Loftus Mansergh, ya tafi kacokan kan Juno ta madubin leƙe, wato na'urar da ake hango saman ruwa da ita daga cikin jirgin. Ana cikin haka sai jirgin kasuwanci Berwick Castle, da ya taso daga Southampton zai nufi Hamburg, ya bi ta kan A1 ya daki hasumiyarsa, wato ɓangaren da ya taso a saman jirgin inda ƙofar shiga take.

Kyaftin ɗin Berwick Castle ya ji karon, amma ya ɗauka makamin gwaji ne ya same shi, ya ci gaba da tafiyarsa. Ban ga laifinsa sosai ba, domin a wancan zamani matuƙa kaɗan ne za su kawo a ransu cewa akwai jirgi da mutane a ƙarƙashinsu. Sai da A1 ya ƙi dawowa tasha sannan aka gane girman abin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zurfin wurin bai wuce mita 12 ba. Matsalar tana jikin jirgin kansa. Murfi ɗaya ne a saman hasumiyar, ƙasanta kuwa a buɗe take zuwa inda matuƙa suke aiki. Da saman ya lalace, babu abin da zai tare ruwa, ya kwararo musu kai tsaye. Bayan mutuwarsu ne rundunar sojin ruwan Birtaniya ta sa a riƙa yin murfi na biyu a gindin hasumiyar kowane jirgi irinsa. A ganina wannan ne zuciyar labarin. Ajali gaskiya ne, ban musa ba, amma gyaran nan ba gagarumi ba ne, kuma ya kamata masu zanen su hango shi tun kafin su rufe mutane a ciki.

An ciro jirgin ranar 18 ga Afrilu, aka binne mamatan a maƙabartar sojin ruwa ta Haslar, aka gyara shi ya koma aiki. A 1911 ya sake nutsewa, wannan karon babu kowa a ciki, kuma sai 1989 aka gano shi a mashigin Bracklesham.

Ina roƙon ku ware wa labarin cikakken shafi, ku buga sunayen mutum 11 ɗin, ku haɗa da zanen hasumiyar don a ga inda murfin na biyu ya zauna.

Naku,
Mai karatu daga Zariya