Kullen Korona Ya Sauya Mana Lokacin Barci Da Na Cin Abinci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in yi tsokaci kan tabon da kullen korona ya bari a gidajenmu. Da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020, kasuwa ta tsaya, aka dakatar da jam'i a masallatai, sai magidanta da dama, har da ni, muka shiga raba dare a kan waya, mu koma barci bayan asuba har hantsi. Karin kumallo ya koma azahar, tuwon dare ya kai ƙarfe 11, alhali kwanciya da cikakken ciki tana jawo ƙwannafi. Har yau wasunmu ba su dawo daidai ba, don haka nake roƙon likitocinmu su riƙa tambayar majinyata lokacin barcinsu da na cin abincinsu.

Naku,
Mai karatu daga Kano