Tarin mabiya a shafi ba shi ne ciniki ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar hannu da ke tallata hajarsu a Facebook da Instagram da WhatsApp.

Ni kafinta ne, shekara 14 ke nan ina haɗa gadaje da kujeru da kabad. Da na buɗe shafi, babu abin da ke raina sai yawan mabiya, har na biya wani ya ƙaro min su. Cikin mako guda adadin ya kai dubbai, amma ko mutum ɗaya bai tambayi kuɗin kujera ba. Taron tsintsiya ba shara, yawancinsu asusun bogi ne. Abin ya kuma cutar da ni, domin waɗannan kafafe suna lura da yadda jama'a ke tanka wa abin da ka wallafa kafin su ƙara yaɗa shi. Idan mabiyanka shiru suke, hatta abokan cinikinka na gaske sai su rage ganinka.

Kasuwata ta fara motsi ne ranar da na daina rubuta "mai so ya biyo ni ta saƙo don jin farashi". Yanzu kowane hoto yana ɗauke da kuɗinsa, da awonsa, da irin katakon, da kwanakin da aikin zai ci. Wasu abokan sana'a sun ce na tona wa kaina asiri gaban masu gasa da ni. Ban yarda ba. Wanda ya ga farashi kuma ya kira ka, ya riga ya gama rabin shawara, kuma ka huta da amsa tambaya ɗaya sau hamsin a yini.

Hoto kuwa, da hasken rana nake ɗauka, ba na ƙawata shi da komai. Na taɓa ƙara wa wata kujera mai ruwan toka haske har ta fito kamar shuɗiya. Matar da ta saya ta dawo min da ita, kuma ita ce da gaskiya. Na yi asarar kuɗin mota, na rasa ta, na rasa duk wanda za ta iya turo min. Daga baya na lura ɗan gajeren bidiyon da nake goge katako ko haɗa ƙafar gado ya fi hoton kayan da aka gama jawo masu tambaya. Gani ya kori ji, mutum yana son ya ga hannun da zai ba amanar kuɗinsa.

Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, kyauta, amma da yawanmu ba mu amfani da ko rabin abin da ke cikinsa. Akwai kundin jera kaya, akwai saƙon da ke amsa wa mutum da kansa idan ba ka kusa, akwai alamar da za ka raba wanda ya biya da wanda ake jira. Jerin aika saƙo ga jama'a a lokaci guda yana ɗaukar mutum 256, sai dai wanda ya adana lambarka ne kaɗai zai samu. Shi ya sa duk wanda na kai wa kaya nake roƙonsa ya adana tawa. Don Allah kuma a daina jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, korar abokin ciniki ne kawai.

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya na kusan awa shida. A ranar ina da kabad da zan kai, adireshin gidan da awon ƙofar duk suna cikin hirar da ba ta buɗuwa. Tun daga nan na sayi littafi mai kauri. Duk wanda ya ba ni aiki, kafin in taɓa zarto sai na rubuta sunansa da lambarsa da awon kayansa a ciki.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani kafinta, mai karanta jaridarku kullum