Ƙanena ya biya wa Umma kujerar Makka da kuɗin karta

Assalamu alaikum Malama, Allah ya ƙara basira. Ni Bakanuwa ce, aure ya kawo ni Amurka. Abin da ya hana ni barci ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda da bayana na goya shi.

Yaron nan ya yi karatun lissafi, ya sami aiki mai kyau a wani kamfani. Shekara uku ke nan da ya ajiye aikin ya rungumi wani wasan karta da ake kira foka. In na ce masa caca ce sai ransa ya ɓaci, ya ce gasa ce ta ƙwaƙwalwa: kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, a yi ta bugawa ana fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya har a sami gwani. Duk shekara daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli yana tarewa a Las Vegas saboda gasar foka ta duniya da ake kira World Series of Poker, wadda kuɗin shiga babbar gasarta dala 10,000 ne. Bakinsa ba ya rabuwa da sunan Chris Moneymaker, wanda ya ci dala miliyan 2.5 a wannan babbar gasa a 2003. "Yaya, shi ma fa akanta ne kamar ni," in ji shi. Amma da bakinsa ya faɗa mini cewa a cikin mutum 100 da suka shiga, kamar 15 ne kawai ke tashi da wani abu, sauran sun yi wa wasu tari.

Da ƙaramar sallah ya zo mana. Ya rame, idanu jajur, yana wuni barci ya kwana gaban kwamfuta. Na tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da a da sai ya suɗe kwano, ya yi loma uku ya ture. Ina gyaran ɗaki na ga littafin da yake rubuta ci da faɗuwa, shafi bayan shafi jan biro ne. Na zauna bakin gado na yi kuka.

To bana ya ci wata ƙaramar gasa, ya tura kuɗi gida aka biya wa Umma kujerar Makka. Ita har gobe ta ɗauka yana kamfaninsa. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ba shi labari, tana ta sa masa albarka, har ta ɗinka fararen kayanta. Ni kaɗai na san inda kuɗin ya fito, kuma na san abin da Allah ya ce kan caca a Suratul Ma'ida. Ga shi tana fama da hawan jini.

Jiya kuma ya bugo, wai in zuba dala 1,000 a kuɗin shigarsa na baɗi, in ya ci a ba ni kashi goma cikin ɗari, haka 'yan wasan ke yi a tsakaninsu. Na ƙi, ya kashe waya.

Malama, in faɗa wa Umma ne, ko in rufe bakina ta tafi a kan rashin sani? Ni da maigidana ba mu da ƙarfin da za mu musanya kuɗin a bana. Shi kuma ta wace ƙofa zan shigo masa, tunda da na ambaci haram yake daina ɗaga wayata? Tsorona kada in matsa in rasa shi gaba ɗaya a ƙasar da ba shi da kowa sai ni.

Wassalam, taki mai sauraro daga Amurka.